Uyaina Da Jubaila: Ƙauyukan Da Tarihinsu Ya Fi Girmansu

Daga wakilinmu a Riyad

Duk wanda ya daɗe a unguwar Suwaidi ya san Wadi Hanifa, kwarin nan da ke ratsawa ta gefen unguwar, inda iyalai kan fita shan iska da yammacin Juma'a. Sai dai ba kowa ne ya taɓa tambayar inda kwarin ya faro ba. Idan mai karatu ya bi shi ya nufi arewa maso yamma, ya wuce Dir'iyya, zai isa wasu ƙauyuka biyu masu maƙwabtaka da juna, wato Uyaina da Jubaila, kimanin kilomita 30 daga birnin Riyad. Hukumar gari ɗaya ce ke kula da su, kuma suna ƙarƙashin gundumar Dir'iyya.

Tsawon kwarin ya kai kilomita 120. Yana farowa ne daga tsaunukan Tuwaik, ya gangara kudu maso gabas. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da Kano ke samu ba. To amma idan aka yi ruwan, duwatsu kan tattaro shi zuwa cikin kwarin, ƙasa ta shanye ta adana. Wannan ruwa na ƙarƙashin ƙasa shi ya raya dabino da alkama, shi ne kuma ya zaunar da mutane. Sunan Uyaina kansa yana nufin ɗan ƙaramin idon ruwa.

Ɗalibanmu na Islamiyya sun san labarin yaƙin Yamama, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa a nan bayan gida aka gwabza shi. A filin Aƙraba da ke kusa da Jubaila ne rundunar Halid bin Walid ta kara da mabiyan Musailama na ƙabilar Banu Hanifa, a zamanin halifancin Sayyidina Abubakar, ba da daɗewa ba bayan wafatin Manzon Allah (SAW) a 632. Sahabbai da dama sun yi shahada a wurin, ciki har da Zaidu bin Haɗɗabi, ɗan uwan Sayyidina Umar. Yawan mahaddatan da aka rasa a wannan yaƙi ne ya sa Umar ya ba Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani wuri guda, aka ɗora wa Zaidu bin Sabit wannan nauyi. Ke nan Mus'hafin da ke hannun almajiri a Zariya ko Maraɗi yana da alaƙa da abin da ya faru a wannan ɗan ƙauye.

Ita kuwa Uyaina, masana tarihin Najad sun rubuta cewa a shekarar 1446 ne Hassan bin Ɗauƙ, kakan gidan sarautar Al Mu'ammar, ya saye ta daga hannun Al Yazid. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Dir'iyya. Zuwa farkon ƙarni na 18, Uyaina ta zama ɗaya daga cikin garuruwa mafi ƙarfi da wadata a Najad, har sai da annoba ta faɗa mata a wajajen 1726, ta hallaka jama'a masu yawa tare da sarkinta, Abdullahi bin Mu'ammar.

A nan ne aka haifi Shehu Muhammad bin Abdulwahab a 1703. Bayan ya dawo daga yawon neman ilimi, sarkin garin, Usman bin Mu'ammar, ya mara masa baya, har aka rushe ƙubbar da aka gina a kan kabarin Zaidu a Jubaila. Sai dai shugaban Banu Halid na Ahsa ya matsa wa sarkin lamba a kan ya rabu da malamin, wanda hakan ya sa ya koma Dir'iyya a 1744, shekara goma kafin haihuwar Shehu Usman Ɗanfodiyo. Can ya ƙulla alkawari da Muhammad bin Sa'ud. Daga nan tauraron Dir'iyya ya fara haskawa, na Uyaina kuma ya fara dusashewa. An kashe Usman bin Mu'ammar a 1750, yaƙin Ibrahim Fasha na 1818 ya girgiza kwarin baki ɗaya, ruwa kuma ya ja baya. Lokacin da Baturen Ingila, William Palgrave, ya bi ta wurin a 1862, kango ya tarar. Sai a ƙarni na 20, da aka samu injinan jawo ruwa daga rijiyoyi masu zurfi, jama'a suka dawo, gonaki suka farfaɗo.

Akwai kuma wani tarihin na baya-bayan nan. A 1981 aka fara ba ƙauyukan wuta daga wata tashar hasken rana mai ƙarfin kilowat 350, wadda Saudiyya da Amurka suka gina da haɗin gwiwa, har ake kiran wurin Ƙauyen Hasken Rana. Shekaru 40 bayan haka, a 2021, aka buɗe tashar Sakaka mai megawat 300. Da rarrafe yaro kan tashi, in ji Hausawa.

Abin tambaya yanzu shi ne makomar waɗannan ƙauyuka. Manfuha da Irƙa su ma a da garuruwa ne masu cin gashin kansu, yau sun zama unguwanni a cikin Riyad, birnin kuma bai daina faɗaɗa zuwa arewa ba. Gonar dabino ba ta iya ja da farashin fili, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma yana da iyaka, kamar yadda Uyaina ta taɓa gani da idonta.

Saboda haka, iyaye da malaman Islamiyya da ke Suwaidi da kewaye, tafiyar ba ta da nisa. A ɗebi yara wata Asabar a kai su su ga inda aka yi yaƙin da suke karantawa a littafi, tun gonakin dabinon suna nan a tsaye.