Almakashin da ke Cikin Daddawa

Duk wanda ya ratsa layin masu daddawa a kasuwar Shuwarin, kusa da Dutse, hancinsa ya riga ya san zancen. Bayan an dafa kalwa, an surfe ta, an rufe ta kwana biyu zuwa uku, wata baktiriya mai suna Bacillus subtilis ce ke karɓar aiki. Tana fitar da sinadaran da ake kira enzayim, masu daddatsa furotin ɗin kalwa kamar almakashi, har ya koma gutsattsarin da ke ba miya ɗanɗano. Warin nan mai ƙarfi kuwa, amoniya ce ke tashi.

Abin da ya fi burge ni, almakashin ba na baktiriya kaɗai ba ne. A 1977 Carl Woese na Amurka ya nuna cewa akwai wasu ƙananan halittu, arkiya, masu kama da baktiriya amma zuriyarsu daban. Suna cikin tumbin shanunmu, suna cikin ruwan gishiri da tafasasshen ruwan ƙasan teku. Duk da wannan nisa, dangin enzayim ɗin daddawa, sabtilisin, yana wurinsu. Wata arkiya mai suna Pyrococcus furiosus, mai rayuwa a zafin digiri 100, tana da nata. Wani enzayim mai suna Lon ma, mai share furotin da ya lalace, ɓangarorin biyu duk suna da shi.

Ita kuwa ƙwayar tarin fuka, duk da cewa baktiriya ce, injin niƙa furotin irin na arkiya gare ta, kuma masu bincike na neman maganin da zai toshe shi.