An Cire Mahaifa, An Yi Gashi: Ciwon Ya Tafi Ke Nan?

Daga Wakilinmu na Arewa

Yau maganarmu da ku ce, 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun, ku da kuka baro iyaye mata a gida kuna aika musu kuɗin magani.

Akwai wani irin ciwon daji na mahaifa da likitoci ke kira kasinosakoma. Ba shi da yawa, don bai kai kashi 5 cikin 100 na ciwon dajin jikin mahaifa ba, amma yana daga cikin mafiya haɗari. Mugun nama iri biyu ne ke haɗuwa a ƙari ɗaya. Galibi yakan kama mata masu shekara 60 zuwa sama, alamarsa ta farko kuwa ita ce jini ya komo wa mace bayan ta daɗe da daina al'ada. To, wace tsohuwa ce za ta buɗe baki ta gaya wa ɗanta wannan? Sai ta yi shiru, ta yi ta shan jiƙo, har mara ta kumbura.

Maganin farko shi ne fiɗa. Akan cire mahaifar da ƙwayayenta da kaluluwar da ke kewaye. Bayan haka sau da yawa akan yi gashi da na'ura, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Idi-Araba a Ikko da kuma na Badun.

Inda mutanenmu ke yin kuskure shi ne, da zarar an sallami Inna daga gashi sai a ce an gama. Wani bincike da likitocin Turai suka buga a 2008 ya nuna cewa gashi yana rage komowar ciwon a cikin ƙugu, amma bai hana shi ɓulla a wani wurin ba, kuma bai ƙara yawan waɗanda suka rayu ba. Ciwo ne mai bin jini ya tafi huhu. Shi ya sa yanzu likitoci kan haɗa da maganin da ake ƙarawa ta jijiya, watau kabofilatin da fakilitaksel.

Rai dai a hannun Allah yake, amma lissafin likitocin Amurka ya nuna abin da ya fi yin tasiri shi ne matakin da aka tarar da ciwon. In bai fita daga mahaifa ba, fiye da rabin matan kan kai shekara 5. In ya riga ya yaɗu nesa, kamar ɗaya cikin goma ce ke kaiwa.

Yawanci in zai komo, cikin shekara biyun farko yake komowa, saboda haka ake son ta riƙa ganin likita kamar duk wata uku. Wanda ya aika kuɗin fiɗa, to ya tanadi na mota da na hoton ƙirji. In kuwa an bugo waya an ce Inna tana tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kada a tsaya sayen maganin mura a kemis, a kai ta wurin likitan da ya yi mata aikin.