Wanne ya fi yawa, sudusi ko sumuni?

  Ƴan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ga ɗan bayani a kan lissafin kaso, wanda ake kira kusur da Larabci, domin mu taimaka wa ƙannenmu na firamare.

Ka tambayi yaro: 1/4 da 1/8, wanne ya fi girma? Sau da yawa zai ce 1/8, don ya san takwas ta fi huɗu. To, a nan matsalar take. Lambar ƙasa tana faɗin gida nawa aka raba abu, lambar sama kuma tana faɗin gida nawa aka ɗauka. Burodi ɗaya idan mutum huɗu suka raba, kowa zai sami gutsure babba. Idan mutum takwas ne, rabon kowa ya ragu. Saboda haka 1/4 ya ninka 1/8 sau biyu.

Ga ƙa'idoji uku da za a koya wa yaro. Ta farko, idan lambar ƙasa iri ɗaya ce, mai babbar lambar sama shi ne babba: 5/8 ya fi 3/8. Ta biyu, idan lambar sama iri ɗaya ce, mai ƙaramar lambar ƙasa shi ne babba: 1/3 ya fi 1/6. Ta uku, idan sama da ƙasa duk sun bambanta, sai a nemi lamba ɗaya wadda lambobin ƙasan duka suke shiga cikinta ba saura, a mayar da su gare ta. Misali 2/3 da 3/4: uku da huɗu duk suna shiga 12. To 2/3 ya zama 8/12, 3/4 kuma ya zama 9/12. Ka ga 3/4 ya fi.

Mu ɗaliban islamiyya mun riga mun haɗu da wannan a darasin gado. Kason da aka ƙayyade a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Dukkansu suna shiga 24. Ku sa yaro ya tsinto tsakuwa 24 ya raba da hannunsa. Zai ga sulusi biyu (2/3) tsakuwa 16 ne, rabi (1/2) 12, sulusi (1/3) 8, rubu'i (1/4) 6, sudusi (1/6) 4, sumuni (1/8) kuma 3. Shi ke nan, ya jera su daga babba zuwa ƙarami da idonsa, ba da hadda ba.

Yanzu a ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiya da ɗa namiji ɗaya, kuma bayan an biya bashi da wasiyya, jaka 240 ta sefa ta rage. Matar tana da sumuni, wato jaka 30. Mahaifiya tana da sudusi, jaka 40. Sauran jaka 170 na ɗan ne. Wanda bai fahimci kaso ba zai zaci sumuni ya fi sudusi, har ya yi zargin an cuci matar ko an yi son kai. Irin wannan zato shi ke ɓata zumunci a gida.

Haka ma zakkar gona, idan amfani ya kai nisabi. Wanda ruwan sama ya shayar ana fitar da 1/10, wanda aka shayar da wahalar ban ruwa kuma 1/20. A buhu 100, na farko buhu 10 ne, na biyu buhu 5. Ashirin ta fi goma, amma kasonta ya fi ƙanƙanta.

Abu ɗaya kuma kada a manta: ana gwada kaso da kaso ne idan daga abu iri ɗaya suka fito. Rabin tiya bai kai rubu'in buhu ba, ko da yake rabi ya fi rubu'i.

Don Allah yayye, a hutun nan kowa ya zaunar da ƙanensa ko ƙanwarsa da tsakuwa 24, ya tambaye shi 5/6 da 7/8 wanne ya fi. Idan ya ce 7/8, domin 21 ne a kan 20, to ya gane.