Cikin da Ya Kwanta, Ya Tashi a Kotun Katsina

Mai karatu, a ce kai ne alƙali. An gurfanar da wata bazawara a gabanka, goye da jaririya, ba miji. Ka tambaye ta, ta amsa da bakinta, har ta faɗi sunan wanda ta ce shi ne uban 'yar. An kirawo shi. Ya ce lallai ya yi zawarcinta, amma bai taɓa kusantar ta ba. Aka ɗauko Alƙur'ani, ya dafa, ya rantse, ya zura takalmansa ya kama hanyar gida. Saura ita da goyonta. To, me za ka yi da ita?

Haka aka yi a kotun shari'a ta Bakori, a jihar Katsina, farkon shekarar 2002. Sunan matar Amina Lawal, mutuniyar Kurami, shekarunta wajen 30. Ba ta yi boko ba, ba kuma lauya a gefenta. A watan Maris alƙali ya yanke mata hukuncin rajamu, wato a jefe ta har lahira.

Ka tuna lokacin. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, kafin a ce kwabo wasu jihohi 11 sun bi sahu, har da tamu Kebbi. Talaka ya yi murna ta gaskiya, don ya gaji da kotun da mai kuɗi ke saye da shari'ar da ke shekara goma ana ɗagewa. Ana cikin wannan zumuɗi aka yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa a Gwadabawa. Ranar 25 ga Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara a Sakkwato ta sallame ta. 'Yan jaridar duniya suna naɗe kayansu ke nan za su tafi, sai labari ya iso cewa ai akwai wata a Katsina.

Za ka ce, yaya aka yi mutum biyu a laifi ɗaya, guda ya tafi gida, guda ta nufi rami? Zina ba ta tabbata sai da shaidu huɗu da suka gani da idonsu, ko kuma mai laifi ya yi iƙirari. Sai dai mazhabarmu ta Malikiyya ta ƙara hanya ta uku wadda sauran mazhabobi ba su ɗauka ba: bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji. Namiji kuwa ba ya ɗaukar ciki. Shi sai an kawo mutum huɗu, ita kuwa shaidarta na goye a bayanta, tana kukan nono.

Yanzu ka duba matan da irin wannan ƙaddara ke faɗa wa. Ba 'ya'yan manya ba ne. Zawarawa ne da aka sako suka dawo ɗakin uwa, jarinsu bai wuce tanda da ƙullun waina ba, ko kaskon ƙosai, ko ƙuli-ƙulin da yarinya za ta ɗauka ta zaga gari. Ribar yini ba ta sayen tikitin mota zuwa Funtuwa, balle kuɗin lauya. Da yawansu ma ba su san cewa maganar alƙali ana iya ɗaukaka ta ba. In ya faɗa, to ya faɗa, sai a koma ga Allah.

Ita Amina Allah Ya haɗa ta da ƙungiyoyin mata guda biyu na gida, WRAPA da BAOBAB, suka haɗa ayarin lauyoyi. Wanda ya ja ragamar ɗaukaka ƙarar shi ne Barista Aliyu Musa Yawuri. A cikin ayarin akwai Hauwa Ibrahim, 'yar ƙauyen Hinna ta jihar Gombe, wadda ita ma da farantin talla a ka ta tashi kafin ta kai ga karatun lauya.

Hauwa ta sha ba da labarin abin da ya same ta a lokacin. An yi hira da ita a rediyo, ta yi wata magana a kan jifa da ta harzuƙa malamai, aka shiga kiran ta maƙiyiyar addini. Mai karatu, in kai ne, me za ka yi? Ka ɓuya? Ka nemi bizar fita? Ita roƙo ta yi a haɗa ta da malaman. Ta lulluɓe jikinta, ta same su a masallaci. Aka nuna mata kujera, ta ƙi, ta durƙusa a ƙasa, ta ce 'ya ba ta zama a kujera gaban iyayenta. Ta gaya musu iliminta gajere ne, ta zo ne su nuna mata yadda za a bi littafi a kuɓutar da rai. Da aka tashi, a cewarta, suka ce ba za su fito fili su goyi bayanta ba, amma ba za su yaƙe ta ba. Wanda bai san Arewa ba zai ce ai ba ta samo komai ba. Wanda ya sani zai gane cewa ranar ta sayi lafiyarta.

Duk da haka zagayen farko faɗuwa aka yi. Ranar 19 ga Agusta 2002 babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin, wasu 'yan kallo suka ɗauki kabbara. An dai jinkirta zartarwa sai ta yaye 'yarta, wajen Janairun 2004. Ka ji lissafi! Ran uwa an ɗaure shi da bakin jaririya. A ce ƙanwarka ce, za ka so 'yar ta yi saurin cin tuwo?

Daga nan duniya ta ɗauka. Oprah Winfrey ta yi shiri a kanta a talabijin ɗin Amurka. Wasiƙu suka dinga kwarara ofisoshin jakadancin Nijeriya. A shekarar ne kuma aka shirya gasar sarauniyar kyau ta duniya a Abuja, tun da Agbani Darego ta ciyo kambin a 2001, sai 'yan takara daga ƙasashe da dama suka ce ba za su taka ƙasar da za a jefe mace ba. Gasar ma ba ta yi albarka ba. Wani rubutu a jaridar ThisDay ya taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW), Kaduna ta kama da wuta a watan Nuwamba, sama da mutum 200 suka mutu, aka kwashe 'yan matan zuwa Landan. Matar da ake ta hayaniya dominta tana Kurami, ko tsakuwa ba ta taɓa ta ba.

Sai ga wani saƙo yana yawo a intanet daga ƙasa zuwa ƙasa, wai Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta gama magana, ranar 3 ga Yuni 2003 za a jefe Amina, kowa ya sa hannu kafin lokaci ya ƙure. Miliyoyin mutane suka sa, da zuciya ɗaya. Sai dai ƙarya ce. Shari'ar ko kusa da Kotun Ƙoli ba ta kai ba, ranar da ake faɗa kuwa ranar zaman sauraron ƙara ce kawai.

To, mai karatu, ga tambaya mai wuya. Kai ne ke tsaya wa wannan mata, duniya kaf tana yi maka kururuwar goyon baya. Za ka iya juyawa ka ce su yi shiru? Abin da BAOBAB ta yi ke nan. A watan Mayun 2003 Ayesha Imam da Sindi Medar-Gould suka fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a dakatar da wasiƙun. Dalilinsu a bayyane yake. Wasiƙun cike suke da kurakurai, wasu kuma zagin Musulunci suke yi, alhali alƙalan da za su yanke hukunci Musulmi ne, suna zaune cikin jama'ar da ke jiran ta ga ko za su rusuna wa Turawa. Kuma an taɓa gani. A Janairun 2001, a Tsafe ta Zamfara, an tsala wa wata yarinya bulala 100 tun lauyoyi ba su gama shirya ɗaukaka ƙara ba, ƙungiyar kuma ta ce matsin lambar waje ne ya sa aka yi gaggawar. Akwai kuma abin da ya fi wannan: in shugaba ya yi afuwa, an ce ta yi laifi an yafe. Su so suke kotu ta ce ba a tabbatar da laifin ba, don matar da za a kawo gobe ta sami abin dafawa.

Ina aka samo abin dafawar? Nan ne labarin ya juya.

Je ka Yelwa ta Yawuri da sassafe, ka tsaya inda tsohuwa ke tuyar waina a zaure. Tana zuba ƙullu a ramukan tanda, tana juyawa da ɗan cokali, mata na miƙo kwano ana hira. In ka yi haƙuri za ka ji an ce, "Wance ai cikinta kwanciya ya yi, yau shekara biyu ke nan, sai an nemo mata maganin tayarwa." Ba wanda zai yi dariya. A Ngaski, a Shanga, a tungayen masunta na bakin Kainji, kowace ungozoma ta san zancen kwantaccen ciki. Likita zai gaya maka cewa ciki mako 40 ne ko kusa da haka, ba ya barci. Amma malaman Malikiyya tun ƙarnoni da suka wuce sun rubuta cewa mafi tsawon zaman ciki na iya kai shekara huɗu ko biyar, wasu ma suka ce bakwai. Ma'ana, matar da aka saka, in ta haihu cikin wannan tsakani ba ta sake aure ba, ɗan na tsohon mijinta ne, sai fa in shi ya kore shi ta hanyar li'ani.

Ka ga abin mamaki? Mazhabar da ta ce ciki shaida ne, ita ce kuma ta ce cikin na iya zama na mijin da ya yi saki shekaru baya. Ƙofar da ta rufe a babi guda ta buɗe ta a wani. Alƙalin farko ya karanta na rufewa, bai kai ga na buɗewa ba. Rabuwar Amina da mijinta kuwa ba ta kai shekara biyar ba.

Da wannan Yawuri da abokansa suka shiga kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina. Ba su ce shari'a zalunci ce ba, ba su ɗauko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya sun kaɗa wa alƙalai a fuska ba. Littattafan da alƙalan suka karanta a zaure suka buɗe musu. Suka kawo labarin Ma'izu, wanda ya zo da ƙafarsa ya yi iƙirari, Manzon Allah (SAW) ya dinga kau da kai, har ya tambaya ko yana da taɓin hankali. Suka ce mai iƙirari yana da damar janyewa, Amina kuma ta janye, kotun Funtuwa ta ƙi saurare. Suka ce dokar jihar Katsina ta tanadi alƙali ya zauna da mutum biyu, na Bakori kuwa shi kaɗai ya zauna. Suka tuna da ƙa'idar da kowane ɗalibin fiƙihu ya haddace, cewa shubuha tana kawar da haddi.

Ranar 25 ga Satumba 2003 alƙalai biyar suka zauna ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim. Kotu ta cika maƙil, 'yan sanda a waje, kyamarori daga ko'ina. Aka karanta hukunci da Hausa. Huɗu suka ce a sallame ta. Ɗaya ya tsaya a kan cewa iƙirarinta na farko ya isa.

Kana iya tambaya ta, shin alƙalan nan huɗu sun yarda a ransu cewa cikin kwanciya ya yi? Ni a ganina tambayar ba ta taso ba. Ba a nemi su rantse cewa haka aka yi ba. An tambaye su ne ko akwai ƙofar shakka da littafi ya yarda da ita, suka duba suka ga akwai. Malaman da suka rubuta shekara biyar ɗin nan sun ga mata na haihuwa a wata tara kamar yadda kowa ke gani. Ina zaton sun san abin da suke karewa: ran uwa, da sunan yaron da zai tashi a gari ana nuna shi da baki. In kai ne na biyar a kan kujerar, mai karatu, ta wane ɓangare za ka faɗa?

Jaridun waje da yawa sun rubuta cewa matsin lambar duniya ya yi aiki. Amina ta koma gida, daga baya ta sake aure. A 2005 Majalisar Tarayyar Turai ta ba Hauwa Ibrahim lambar yabo ta Sakharov. Har yau kotunan nan ba su jefe kowa ba. Shi kuwa lauyan da ya tsaya gaban alƙalan yana jawo hujja daga littattafan Malikiyya, ya rubuta yadda suka kare Safiya da Amina a cikin kundin da Philip Ostien na Jami'ar Jos ya tattara a 2007, kundin da ba kasafai ake ganin sa a hannun kowa ba sai masu bincike. Sunan Yawuri ne a ƙarshen sunansa. Kai da ke zaune a Yelwa ko Ngaski ko Shanga, ka taɓa jin an ambace shi?