Quannah Chasinghorse: Mai Tallan Tufafi Da Ke Kare Ƙasar Kakanninta

An haifi Quannah Chasinghorse a shekarar 2002 a jihar Arizona ta Amurka, ta tashi a Alaska. Jinin ƙabilun Han Gwich'in da Lakota ne, mutanen da Turawa suka tarar a nahiyar Amurka. Tauraruwarta ta fara haskawa a 2020 da tallan kamfanin Calvin Klein, a 2021 hotonta ya hau bangon mujallar Vogue ta Meziko.

Abin da ido ke fara gani a fuskarta shi ne zanen gargajiya uku a haɓarta. Mahaifiyarta ce ta yi mata da hannu. A da, 'yan mishan sun hana matan ƙabilar Gwich'in wannan zane, ga shi yau ta shiga da shi manyan dandalin ado ba ta rufe shi da hoda ba.

Amma fafutuka ta riga ado a wurinta. A arewa maso gabashin Alaska akwai gandun dajin Arctic, inda garken barewar ƙanƙara da ake kira karibu ke zuwa haihuwa a bakin teku. Da naman dabbobin nan Gwich'in suke rayuwa tun kaka da kakanni. A 2017 majalisar dokokin Amurka ta buɗe wurin ga masu haƙar mai. Quannah ta je Washington ta roƙi 'yan majalisa su kare shi. A 2019 tana cikin matasan da suka sa taron ƙabilun Alaska ya ayyana dokar ta-ɓaci kan sauyin yanayi.

A ganina gaskiya na gefenta. Duk ƙasar da aka ɓata, mutanenta ne ke fara shan wuya.