Tukunyar Yakuwa da Ledar Ƙarin Ruwa

Duk wadda ta taɓa mance miyar yakuwa a kan murhu ta san abin da za ta tarar: ruwa ya tsotse, miya ta yi kauri, tsami kamar ya tsinke harshe. Haka jinin mai ciwon suga yake idan cutar ta birkice. Insulin ya yi ƙaranci, jiki ya koma ƙona kitse, kitsen kuma yana barin tsami a jini. Ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga amai, ga ranar Afrilu ta Maiduguri da ke haura digiri 40. Kafin a isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da shi, babban mutum kan iya rasa lita 6 na ruwa.

To, wane ruwa za a tsayar a tukunyar?

Wanda aka saba shi ne ruwan gishiri na kashi 0.9. Yana cika jijiya da sauri, ga araha. Sai dai kuloraid ɗinsa 154 ne a lita, na jini kuwa bai wuce ɗari da 'yan kai ba. Idan aka yi ta ɗura shi leda bayan leda, tsamin kitse na sauka, wani tsamin na gishiri na hawa, kamar mai tsarma miya da ruwan rijiya mai zartsi.

Ɗayan shi ne ruwan Ringa, mai kuloraid 109, da wani sinadari da hanta ke mayarwa maganin tsami. Ɗan jiƙon kanwa ke nan, irin wanda uwargida ke ɗigawa a yakuwa. Wani nazari da aka fitar a Amurka a 2020 ya nuna masu samun irinsa sun fita daga tsamin cikin awa 13, masu ruwan gishiri kuwa kusan 17. Kanwar kai-tsaye, wato bikabonet, likitoci ba sa gaggawar ba da ita sai tsami ya kai maƙura.

Ni dai ba na son ganin an tura ɗan jinya zagayen kemis neman Ringa alhali ga ruwan gishiri a hannu. A rataya lita ta farko cikin awa guda, daga baya a sauya. Ruwa kuma ba ya janye itace daga murhu, wannan aikin insulin ne, shi ma sai an auna fotasiyam, don idan ya yi ƙasa sosai zuciya na iya tsayawa. Da suga ya sauko wajen mmol 14 a lita, sai a haɗa da ruwan gulukos, a ci gaba da insulin har tsamin ya wanke.