Tonon Asirin Kai a Ƙagaggun Labaran Japan

1. Gabatarwa

A nazarin adabi an saba bambanta ƙagaggen labari, wanda marubuci ya ƙirƙiro, da tarihin rayuwa, wanda ake sa ran gaskiya ce tsantsa. A ƙasar Japan akwai wani nau'in zube da ya zauna tsakanin biyun. Sunansa shishosetsu, wato "labarin ni". A cikinsa marubuci yakan ɗauko abin da ya same shi, musamman abin kunya, ya zuba shi a sigar ƙagaggen labari. Wannan takarda za ta duba asalin nau'in, da yadda sanin kai yake aiki a cikinsa, da kuma mutanen da fallasar take shafa.

2. Asalin nau'in

Bayan sauyin mulki na 1868, Japan ta buɗe ƙofa ga ilimin Turai, marubutanta suka shiga karanta adabin Faransa da Rasha. Daga irin su Emile Zola suka koyi cewa aikin marubuci shi ne bayyana rayuwa yadda take, ba tare da ƙawatawa ba. Sai dai Zola al'umma ya sa a gaba, su kuwa da yawansu kansu suka juya suka duba.

A 1906 Shimazaki Toson ya fitar da Hakai, labarin wani malamin makaranta daga zuriyar da ake ƙyama, wadda ake kira burakumin. Mahaifinsa ya gargaɗe shi kada ya taɓa faɗin asalinsa, amma daga ƙarshe ya furta a gaban ɗalibansa. A nan tauraron ne ya tona asirinsa, domin marubucin ba ɗan wannan zuriya ba ne. A 1907 sai Tayama Katai ya wallafa Futon, ma'ana shimfiɗar barci. Tauraron, Tokio, marubuci ne magidanci da ya kamu da son ɗalibarsa Yoshiko a ɓoye. Da ya gane tana da saurayi, kishi ya sa ya yi sanadin mayar da ita gidan iyayenta. A ƙarshen littafin ya ɗauko shimfiɗar da ta bari, ya cusa fuskarsa a ciki yana kuka. Masu karatu sun san cewa Katai kansa ya taɓa riƙon wata ɗaliba, don haka suka ɗauki littafin a matsayin amsa laifi.

3. Sanin kai da wakilin suna

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, ba da wakilin suna na mutum na farko aka rubuta Futon ba. "Shi" ake ce wa Tokio daga farko har ƙarshe. Marubucin ya raba kansa biyu ke nan: akwai wanda ya aikata, akwai mai kallonsa yana rubutawa. Wannan rabuwa ita ce tushen sanin kai a nau'in. Tokio ya san cewa riya yake yi idan ya fake da matsayin malami, amma sanin bai hana shi ci gaba ba. A nan furucin ya sha bamban da tuba irin ta addini, wadda take buƙatar nadama da barin laifi.

Tun da nahawu bai isa ya tabbatar da nau'in ba, me ke tabbatar da shi? Kalmar shishosetsu ba ta yaɗu ba sai a shekarun 1920, sannan aka waiwaya aka laƙaba wa Futon. Marubutan Tokiyo na lokacin ƴan kaɗan ne, sun san sirrin juna, suna karanta kowane littafi suna neman mai shi a ciki. Saboda haka manazarciya Tomi Suzuki, a littafinta na 1996, ta nuna cewa nau'in hanya ce ta karatu fiye da yadda yake hanyar rubutu.

4. Wa fallasar take shafa?

Asirin mutum ba safai yake zama nasa shi kaɗai ba. A 1918 zuwa 1919 Toson ya buga Shinsei, wato "sabuwar rayuwa", kashi-kashi a jarida. A ciki ya bayyana cewa ya yi wa ƴar wansa ciki, ya gudu Faransa a 1913, ya dawo a 1916. Shi ya ci gaba da zama babban marubuci, ita kuwa dangi suka tura ta Taiwan. Akutagawa Ryunosuke ya soki tauraron littafin da cewa munafuki ne mai wayo.

Dazai Osamu ya ƙara rikita lamarin a Ningen Shikkaku na 1948. Tauraronsa Yozo yana fakewa da barkwanci don ɓoye tsoron mutane, kuma an kawo labarin a matsayin kundin rubutunsa da ya faɗa hannun wani. Dazai ya kashe kansa a watan Yuni na wannan shekara, lamarin da ya sa masu karatu suka ƙara ɗaukar Yozo a matsayin shi kansa. A 1950 mai sharhi Nakamura Mitsuo ya zargi Futon da karkatar da adabin Japan daga duba al'umma zuwa duba kai.

5. Kammalawa

Furuci a shishosetsu tsararren aiki ne, marubuci ne yake zaɓen abin da zai faɗa da inda zai yi shiru. Ɗalibin da ya ɗauki irin wannan matani sai ya bincika abu uku: wa yake magana kuma da wane wakilin suna, wace shaida daga wajen littafin ta sa aka gaskata shi, sannan muryar wa ba a ji ba. A Futon da Shinsei, matan da abin ya shafa sun iso ga mai karatu ne ta alƙalamin namijin da ya cutar da su.